Gidauniya: rabon shinkafa ne ko wani abu dabam?

Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai ka ji rediyo ya cika da "gidauniyar Alhaji wane ta raba". An raba atamfa, an raba shinkafa a buhun da hoton mai gidauniyar ya fi sunan shinkafar girma. Bayan zaɓe kuma shiru kake ji, har allon ofishin ya ɓace.

A Hausar da muka taso muka ji, gidauniya tarin kuɗi ne da jama'a suka haɗa domin wata buƙata, kamar ginin masallaci ko agajin waɗanda gobara ta shafa. Daga baya aka ɗora kalmar a kan ƙungiyar da ke riƙe da irin wannan dukiya. Ko a doka, mai son yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC sai ya kawo amintattu da kundin tsari, domin kuɗin ya bar aljihunsa ya zama amana. Wannan ne wurin da masu sanarwa ke tsallakewa. Mutum ya ciro daga aljihunsa ya raba, kyauta ya yi, Allah ya ba shi lada. Amma wa ke duba lissafin?

Misalin da ke zuwar min a rai daga Amurka yake, daga ƙwallon nan tasu da suke kira ta ƙafa alhali rungumarta ake yi a zura da gudu. Warrick Dunn, tsohon ɗan wasan wannan ƙwallon, ɗan garin Baton Rouge ne. A watan Janairun 1993, kwana biyu da cikarsa shekara 18, 'yan fashi suka harbe mahaifiyarsa Betty Smothers, 'yar sanda, tana rakiyar wata mai kula da kanti zuwa banki. Ta bar masa ƙanne biyar. Har ta rasu ba ta mallaki gidan kanta ba, kuma burinta ke nan.

Da ya shiga ƙungiyar Tampa Bay a 1997, a shekararsa ta farko, sai ya soma shirin taimaka wa iyayen da ke riƙon 'ya'ya su kaɗai su mallaki gida. Abin da ya burge ni shi ne ba ya ba da gidan kyauta. Matar da aka taimaka wa ita za ta ci gaba da biyan bashin gidanta. Nasa shi ne ya tallafa da kuɗin kafin alƙalami, sannan ranar tarewa ta buɗe ƙofa ta tarar da gadaje, kujeru, tukwane, har abinci a firij. Ya yi ritaya daga wasa bayan kakar 2008, shirin bai yi ritaya ba, kuma iyalan da suka amfana sun haura ɗari tun tuni. A can, irin wannan ƙungiya tana miƙa wa hukumar haraji bayanin shiga da fitar kuɗinta duk shekara, kuma kowa na iya dubawa.

Ba na cewa duk 'yan wasansu haka suke, akwai masu buɗe gidauniya don suna kawai. Amma makon jiya na ji mai gabatar da shiri yana cewa "gidauniyar ta raba da hannunta mai albarka", na rasa hannun wa yake nufi.