Ƙaba a jikin bakwaini: yaushe ne lokacin yin tiyata?

Iyaye mata da kakanni masu jinyar bakwaini, yau maganar ƙaba zan yi muku, wacce wasu ke cewa gwaiwa, don tambayar ta yi yawa a wajen aiki. Uwa ta sha wahalar kwalba sati da sati, yaro ya fara kama nono, ana shirin sallama sai a ga wani kumburi a matsematsinsa ko ya gangaro cikin maraina, in ya yi kuka ko yunƙurin kashi ya fito tulu, in ya yi barci ya koma. Likita ya duba yace ƙaba ce kuma sai an yi aiki. Daga nan rigima ta tashi a gida, baban yaro yace a yi yanzu a huta, kaka tace wannan ɗan mitsitsin za a kai tiyata, wallahi ba da ita ba.

Abin da ke kawo ta ba iska ba ce, ba kuma yawan kuka ba, kukan dai yana fito da ita ne a gani. 'Ya'yan maraina a cikin ciki ake halittarsu, sai wajen wata na bakwai zuwa na takwas na ciki suke saukowa ta wata 'yar hanya a matsematsi, bayan sun sauka hanyar ta toshe da kanta. To shi bakwaini ya riga lokaci fitowa, hanyar na nan a buɗe, hanji ya samu ƙofa ya dinga leƙowa. Shi ya sa a yaran da suka cika wata tara ba ta wuce 1 zuwa 5 cikin 100, amma a ƙananan bakwaini sosai tana iya kaiwa 30 cikin 100. Maza sun fi samu nesa ba kusa ba, kuma ta fi fitowa a dama. Mata ma suna yi fa, a wajensu wani lokacin ƙwan haihuwa ne ke shiga ramin.

Kar a haɗa ta da cibiyar da ta bulluƙo, ita wannan yawanci tana komawa da kanta kafin yaro ya shiga makaranta. Ta matsematsi maganinta tiyata ne.

Toh, yaushe? Nan ne su kansu likitocin suka daɗe suna ja-in-ja, saboda haɗari biyu ne a gabansu. In an jira, hanji na iya maƙalewa a ramin ya ƙi komawa, jini ya daina isa gare shi, har ɗan marainan ma ya lalace saboda matsi, kuma wannan maƙalewar ta fi yawa a shekarar farko ta rayuwa. In kuma an yi gaggawa, huhun bakwaini da sashen ƙwaƙwalwar da ke tuna masa numfashi ba su nuna ba, bayan maganin barcin tiyata sai yaro ya dinga ɗauke numfashi, bugun zuciya ya yi ƙasa, wani sai an mayar da shi kan injin numfashi. Ga fatar jakar ƙabar siririya ƙwarai, ɗinkinta sai gwani.

Shekaru da yawa asibitoci da dama sun fi son a yi aikin kafin sallama daga ɗakin jarirai. Sai aka yi wani babban bincike a Amurka, asibitoci 39, bakwaini 338, aka fitar da sakamakon a 2024 a mujallar likitoci ta JAMA. An raba yaran gida biyu, wasu a yi musu kafin sallama, wasu a sallame su sai sun wuce sati 55 a dawo a yi. Waɗanda aka yi wa da wuri, 28 cikin 100 sun samu wata babbar matsala, waɗanda aka jinkirta wa kuwa 18 cikin 100. Bambancin ya fi fitowa a yaran da aka haifa kafin ciki ya kai sati 28 da masu ciwon huhu na bakwaini. Har ma a cikin waɗanda aka jinkirta wa an samu kusan 1 cikin 10 da ƙabar ta ɓace da kanta ba a yi aikin ba, amma dan Allah kar wata ta riƙe wannan tace nata ma zai ɓace, likita ne ya duba ya tabbatar.

Lissafin sati 55 ɗin nan yana rikita mutane. Ba daga ranar haihuwa ake ƙirgawa ba, ana haɗa satin da yaro ya yi a ciki da wanda ya yi a duniya. In kin haihu ciki na sati 30, sai ya ƙara sati 25, kusan wata shida kenan. In a sati 34 ne, saura sati 21.

Ni dai a ganina wannan binciken hujja ce mai kyau ta jira, sai dai mu tuna inda aka yi shi. Can uwa na ganin canji ta kira mota, cikin ɗan lokaci tana gaban likitan tiyatar yara. Mu nan likitocin tiyatar yara sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato da Maiduguri, wata kuma daga ƙauyenta zuwa titi ma aiki ne, balle da damina ko cikin dare. Don haka in ana shawarar lokaci, ki faɗa wa likita gaskiyar inda kike zaune, awa nawa ne zuwa asibiti, akwai abin hawa da dare ko babu. Yana iya ganin gara a yi kafin ku tafi, yana iya cewa ku zauna kusa wajen dangi, ko ya ba ku rana. In ya ba da rana a rubuta a katin yaro, ranar nan ba ta ɗaguwa don biki ko girbi. In kuma ƙabar ta taɓa maƙalewa likita ya mayar da ita, maganar dogon jira ta ƙare, cikin kwana ɗaya ko biyu ake yin aikin.

Duk lokacin da za ki canza masa kunzugu ki duba wajen. Ƙaba mai lafiya laushi gare ta, tana komawa in yaro ya natsu. Ranar da kika ga ta yi tauri ta ƙi komawa, wajen ya yi ja ko ya yi duhu, yaro na tsala kuka ba ya rarrasuwa, ya ƙi nono, ciki ya kumbura, yana amai musamman kore shar, a kama hanyar asibiti a take ko ƙarfe biyun dare ne. Kar a tsaya ba shi jiƙo ko ruwan zafi, kar a danna da ƙarfi, kar a ɗaure wajen da tsumma ko kwabo, kuma don girman Allah kar a kai wa wanzami ya yi sakiya, abin da ke cikin kumburin nan hanji ne.

Ranar aikin kuma ku shirya kwana. Bakwainin da bai kai sati 60 ba a wancan lissafin ana riƙe shi aƙalla dare ɗaya ana lura da numfashinsa, ko da aikin ya tafi lafiya lau. Wasu asibitocin allurar baya suke yi ta kashe rabin jiki maimakon a sa shi barci gaba ɗaya, ki tambaya ko suna yi. Ki tambayi kuma ƙarfe nawa za ki tsayar da nono kafin a shiga da shi, su ne za su faɗa miki.