Waiwaye: Yadda Ƙungiyar Ɗaliban Jami'ar Khartum Ta Yi Nisa da 'Ya'yanta

Tun da jami'o'in da yaƙin Sudan ya tarwatsa suka fara haramar komawa mazauninsu a Khartum, muhawara ta sake tashi tsakanin ɗalibanmu da iyayensu, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala, a kan wanda zai tsaya wa ɗalibi idan an koma. A zaurukan WhatsApp da Facebook wasu na cewa a gaggauta zaɓen ittihadi, wato ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Khartum, domin a sami mai zama da hukumar jami'a kan kuɗin rajista da wurin kwana, wasu kuwa na cewa ƙungiyar ba ta taɓa tsinana musu komai ba in ban da hayaniyar siyasa. Kusan dukkansu suna ɗora alhakin a kan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Ɓarnar yaƙin ba ta misaltuwa, amma ko da ya zo, ya tarar ƙungiyar ta daɗe da yin nisa da 'ya'yanta.

Abin da kowa ya haddace game da ita ba ya buƙatar dogon bayani. Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956, kuma ƙungiyar ɗalibanta, da majalisarta mai mutum 40, ta yi suna a faɗin ƙasa. Daga taron tattaunawar da ta shirya ranar 21 ga Oktoba 1964, inda aka rasa ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, guguwar Oktoba da ta kifar da mulkin soja na Janar Abbud ta tashi. An sake jin amon ɗalibai a boren Sha'aban na 1973 kan mulkin Numeiri, sannan a boren Maris da Afrilu na 1985 da ya kawo ƙarshen mulkin nasa. Waɗannan ake ta maimaitawa duk shekara, har aka ɗauka cewa ƙarfin ƙungiyar daga jawabi da zanga-zanga ya samo asali.

A ganina, tushen ƙarfin yana ɗakin kwana da ɗakin cin abinci. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, yaron da ya ci jarrabawar shiga jami'ar, ko ɗan masunci ne daga bakin kogi a Sinnar ko ɗan manomin dawa daga Gadarif, jami'a ce ke ba shi gado a dakiliya, wato gidan kwanan ɗalibai, ta ciyar da shi, ba tare da mahaifinsa ya sayar da akuya ba. Ɗalibai suna kwana wuri ɗaya a Baraks da sauran gidajen kwana, suna layin abinci ɗaya, kuma ƙorafinsu ɗaya ne. Idan miya ta tsinke ko famfo ya ƙafe, wakilin ƙungiya ba ya jiran a kawo masa ƙara, domin shi ma da farantinsa yake tsaye a layin. Washegari zancen ya hau jaridun bango a wurin shan shayi na Nashaɗ, kafin la'asar an zauna da hukumar jami'a, wadda ita ce ke riƙe da tukunyar da makullin ɗakin. Ɗalibin da bai damu da kowace jam'iyya ba yana fitowa zaɓe, saboda ya san wanda ya zaɓa zai iya gyara masa abin da zai ci gobe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: amincin da ƙungiyar ta tara a kan burodi da wake shi ta kashe a manyan ranakun da ake tunawa.

Wannan tsari ne ya ƙare a farkon shekarun 1990, lokacin da aka faɗaɗa ilimi mai zurfi. An buɗe sababbin jami'o'i a jihohi, ciki har da Kasala da Gadarif da Sinnar da Damazin, an ninka yawan waɗanda ake ɗauka, kuma Larabci ya zama harshen koyarwa. Ba na cikin masu raina wannan faɗaɗawa, domin gidajen Hausawa da yawa a lokacin suka fara ganin ɗansu ko 'yarsu da takardar digiri. Sai dai ciyar da kowa da kwantar da kowa kyauta bai yiwu ba da irin wannan yawa, aka dakatar da shi, sha'anin gidajen kwana kuma ya fita daga hannun jami'a ya koma ƙarƙashin tsari na ƙasa baki ɗaya. Muhawarar lokacin ta fi karkata ga batun harshe, ba a kula sosai da abin da rufe ɗakin cin abinci zai yi wa ƙungiyar ba.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Ɗalibai suka watsu: wani ya sami gado, wani ya kama haya da abokai a Umdurman, wata ta sauka gidan goggonta a unguwar Mayo da ke kudancin Khartum, tana kashe sa'o'i a motar haya kafin ta iso lacca. Abincin rana ya koma kwanon bosh, gutsattsarin burodi a romon wake, da mutum biyar ke haɗa kuɗi su saya a bakin titi. Wanda ya fito daga nesa da zarar an tashi daga aji sai ya nemi mota, ba ya tsayawa taro. Ita kuma ƙungiyar, ko ta zauna da hukumar jami'a, abin da ya fi damun ɗalibi ba ya kan teburin. Da aikin yau da kullum ya kuɓuce mata, abin da ya rage shi ne takarar ɓangarorin siyasa, wadda take tun da can amma yanzu ba abin da ke rage mata zafi. An sha shafe shekaru babu zaɓaɓɓiyar ƙungiya, kuma abin baƙin cikin shi ne ɗalibai da yawa sun shiga jami'a sun fita ba su ji rashinta ba.

Giɓin kuwa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na tsangayoyi ne suka cike shi. Rabiɗa, wato ƙungiyar 'yan yanki ɗaya, ita ke tarbar sabon ɗalibi a tasha, ta nema masa katifa, ta yi karo-karo idan kuɗin rajista ya gagara ko an yi rasuwa a gida. Yaranmu sun ci moriyar wannan ƙwarai, domin zumunci ne da muka saba da shi. Amma rabiɗa tana iya biya wa mutum ɗaya kuɗin makaranta, ba ta da hurumin cewa kuɗin ya yi yawa, kuma wanda ba shi da 'yan garinsu a harabar haka zai yi ta fama shi kaɗai.

Da yaƙi ya rufe harabar, aka koma karatu ta intanet da rubuta jarrabawa a cibiyoyi cikin jihohi da ƙasashen waje kamar Masar da Saudiyya, waɗannan ƙananan ƙungiyoyi da dangi su ne suka tara kuɗin mota, suka nemo wa ɗalibai masauki a garuruwan da ba su san kowa ba. Masu kiran a yi zaɓe yanzu suna da gaskiya, ina kuma tare da su, amma har yanzu ban ga an tattauna ko zaɓaɓɓun za su sami kujera a inda ake yanke kuɗin rajista da rabon gadaje ba, ko kuma yadda ɗalibar da ke kwana a Mayo za ta iya kai musu kukanta.