Waiwaye: Tarihin koyarwar Kirista kan halitta da faɗuwar Adamu

A majami'un ƙauyukan Kano da Jigawa, inda galibin masu sujada manoma ne daga zuriyar Maguzawa, ba wuya mutum ya ji mai wa'azi yana cewa ƙaya da sarƙaƙiyar da ake fama da su a gona gadon Adamu ne. Maganar tana da tushe a Littafin Farawa. Sura ta 1 ta ce Allah ya dubi duk abin da ya halitta, ya ga yana da kyau ƙwarai, sura ta 3 kuwa ta ba da labarin yadda Adamu da Hawwa'u suka ci 'ya'yan itacen da aka hana su, aka la'anci ƙasa, aka ce da gumi mutum zai ci abinci har ya koma turɓaya. Abin da ya raba kan Kirista tun dā shi ne abin da zuriyar Adamu ta gada daga wannan laifi.

A ƙarni na 2, Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya ɗauki Adamu tamkar yaron da bai gama girma ba, wanda ya yi tuntuɓe kafin ya kai inda aka nufa da shi. Ikilisiyoyin Gabas, wato na Orthodox, sun fi karkata nan, suna cewa mutuwa da rauni aka gada, amma alhaki na mai laifi ne.

Mutumin da ya juya akalar maganar ɗan Afirka ne, wato Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Ya koyar da cewa kowane jariri yana zuwa duniya da laifin Adamu a wuyansa, kuma ba mai iya tsira sai da alherin Allah. Babbar hujjarsa Romawa 5:12 ce, sai dai fassarar Latin da ke hannunsa tana cewa a cikin Adamu ne kowa ya yi zunubi, alhali galibin masu fassara daga Girkanci a yau suna fahimtar wurin da ma'anar mutuwa ta bi kowa domin kowa ya yi zunubi. A ganina, wannan ɗan bambanci ya isa ya sa a yi hattara. Felajiyus, wani malamin zamanin Agustin wanda ya ce mugun misali kawai Adamu ya bari, ya sha kaye a taron bishop-bishop na birnin Kartej a 418. Luta da Kalbin, jagororin Furotesta a ƙarni na 16, suka ƙara wa ra'ayin Agustin kaifi, Katolika kuma ta tabbatar da nata matsayin a taron Tirent a 1546.

Wannan reshe na Luta da Kalbin ne ya iso ƙasar Kano ta hannun 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka samu ƙofa a shekarun 1930 ta wuraren jinyar kutare, bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954 ta kuma gaje su, ta riƙe koyarwar. Shi ya sa batun yake yawan tasowa a hira tsakanin Bahaushe Kirista da maƙwabcinsa Musulmi, wanda ya taso da sanin cewa Annabi Adamu ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, kuma babu ran da ke ɗaukar nauyin wani.