Waiwaye: Yadda bayanin ƙasan hoto ya zama rabin labari

Tun a 1880, lokacin da jaridar Daily Graphic ta birnin New York ta buga hoton wata unguwar talakawa ba tare da an sake zana shi da hannu ba, editoci suka ga cewa hoto yana nuna abu, amma ba ya faɗin wane ne, a ina, ko yaushe. Da kamfanin dillancin labarai na AP ya fara tura hotuna ta wayar tarho a 1935, sai ana liƙa bayanin a jikin hoton domin su isa tare, kuma a hankali tsarin da ake bi har yau ya kafu: jimlar farko ta faɗi wanda ake gani da wurin da ranar, ta biyu ta kawo dalili.

Rigingimun da suka biyo baya ne suka nuna nauyin waɗannan layuka. A 1993 jaridar New York Times ta buga hoton da Kevin Carter ya ɗauka a Ayod, kudancin Sudan, na jinjirin da yunwa ta kayar, ga ungulu a bayansa, aka rubuta cewa yarinya ce; sai a 2011 bincike ya tabbatar da cewa yaro ne, kuma ya tsira daga yunwar. A 2005, bayan guguwar Katrina a Amurka, wani bayani ya ce matashi baƙar fata ya wawuri kaya a shago, wani kuma ya ce fararen fata biyu sun tsinci burodi. Kamfanoni daban ne suka rubuta su, kowane mai hoto kuma ya ce abin da idonsa ya gani ya faɗa, amma hakan bai hana zargin wariya ba, kuma zargin yana da tushe.

A zamanin kwamfuta ana cusa bayanin ne cikin fayil ɗin hoton bisa ƙa'idar IPTC, ƙungiyar kafafen labarai ta duniya mai tsara irin waɗannan ƙa'idoji, sai dai shafukan sada zumunta da dama suna goge shi, kowa ya rubuta nasa. Najeriya ta ɗanɗana illar haka: hoton gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2010, inda fiye da mutum 200 suka rasu, ya yi shekaru yana yawo a intanet da bayanin ƙarya cewa Kiristoci ne aka ƙona a Najeriya.