Edwin Lutyens

Sir Edwin Landseer Lutyens (29 ga Maris 1869 – 1 ga Janairu 1944) mai zanen gine-gine ne ɗan Ingila. Ya yi suna da farko wajen zana wa attajirai manyan gidaje a karkara, daga baya kuma ya tsara sabon birnin Delhi a Indiya da wuraren tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tasowarsa

An haife shi a Landan, shi ne na goma cikin 'ya'ya goma sha uku na wani tsohon soja da ya koma sana'ar zanen hoto. Rashin lafiya ya hana shi zaman makaranta sosai, don haka ya yi yawancin ƙuruciyarsa a ƙauyen Thursley da ke yankin Surrey, yana yawo yana kallon tsofaffin gidajen manoma da yadda magina da kafintoci ke aiki. Ya yi karatun zane a South Kensington daga 1885, ya ɗan yi aiki a ofishin mai zanen gine-gine Ernest George, sannan ya buɗe nasa ofishin yana ɗan shekara kusan ashirin.

Gidajen karkara

A 1889 ya haɗu da Gertrude Jekyll, gwanar tsara lambuna wadda ta girme shi da shekara ashirin da biyar. Ita ta ba shi aikin gidanta, Munstead Wood, wanda aka kammala a 1897, kuma ita ta riƙa haɗa shi da masu kuɗi. Sun yi aiki tare a wurare da dama: shi ya tsara gida da matakala da hanyoyin dutse, ita ta zuba furanni.

Masu ba shi aiki galibi ba 'ya'yan tsohuwar sarauta ba ne. 'Yan kasuwa ne da masu masana'antu da suka samu dukiya a zamaninsu, suna son gidan da wanda ya gani zai ɗauka gadon kaka da kakanni ne. Lutyens ya gane wannan buƙata sarai. Yana gini da abin da ƙasar wurin ta bayar: a Surrey dutsen yankin da katakon itacen oak da jan tayil, rufi mai gangara sosai, da dogayen bututun hayaƙi, a Marshcourt da ke Hampshire kuwa da farin alli aka yi bangon. Gidajen Orchards da Goddards da Tigbourne Court duk na wannan lokaci ne. Edward Hudson, wanda ya kafa mujallar Country Life, ya sa shi ya gina masa Deanery Garden a ƙauyen Sonning, ya kuma gyara masa tsohon ginin tsaro na tsibirin Lindisfarne ta zama gidan hutu. Mujallar ta yi ta buga hotunan ayyukansa, wannan talla kuwa ba kowane mai zane ya samu irinta ba.

Daga 1906, da gidan Heathcote a Ilkley, ya juya zuwa salon Girka da Rum mai ginshiƙai da daidaiton ɓangare biyu, yana bin sawun Christopher Wren, shahararren mai zanen gine-ginen Ingila na da.

Mafi ban mamaki cikin gidajensa shi ne Castle Drogo a Devon, wanda ya zana wa Julius Drewe, attajirin kantunan kayan masarufi na Home and Colonial. Drewe ya yi imani cewa shi jikan wani basaraken zamanin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a da, sai ya nemi fada irin ta da. An fara aiki a 1911 da dutse mai tauri, ba a gama ba sai 1930, bayan an rage tsarin farko ƙwarai. Ana kiransa fada ta ƙarshe da aka gina a Ingila. Sai dai shimfiɗaɗɗen rufinsa ya fara yoyo tun da wuri, kuma hukumar kula da wuraren tarihi ta National Trust, wadda ta karɓe shi a 1974, ta sha fama da gyaransa. Kyan gani da jin daɗin zama ba kullum suke tafiya tare a gidajen Lutyens ba.

Delhi da wuraren tunawa

A 1897 ya auri Emily Lytton, 'yar wani tsohon wakilin Sarauniya a Indiya. Sun haifi 'ya'ya biyar. Daga 1912 ya shiga aikin tsara sabon babban birnin Indiya tare da Herbert Baker. Shi ya zana fadar wakilin Sarki, mai ɗakuna 340, wadda yau ita ce Rashtrapati Bhavan, fadar shugaban ƙasar Indiya, da kuma India Gate, ƙofar tunawa da sojojin Indiya da suka mutu a yaƙi. Ya ɓata da Baker kan gangaren hanyar da ke hawa zuwa fadar, domin tudun yana ɓoye ginin ga mai tahowa. An ƙaddamar da birnin a 1931.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya rage masu iya gina irin waɗancan gidaje, ya kuma kawo masa wani aiki. Cenotaph, ginin tunawa da mamatan yaƙin da ya zana a titin Whitehall a Landan, an fara yin sa da katako da filasta a 1919. Jama'a suka so shi, aka sake gina shi da dutse a 1920. A Thiepval da ke Faransa ya zana hasumiyar da ke ɗauke da sunayen sojoji fiye da 72,000 da suka ɓace a yaƙin Somme.

An ba shi sarautar Sir a 1918, ya zama shugaban Royal Academy, cibiyar masu fasahar zane ta Ingila, a 1938. Babban cocin Katolika da ya zana wa birnin Liverpool, ɗakin ƙarƙashin ƙasa kaɗai aka gina. Ya mutu a Landan, aka ajiye tokarsa a cocin St Paul's.