Rababa

Rababa kayan kiɗa ce mai tsirkiya wadda ake gogawa da ɗan baka da aka ɗaura wa gashin wutsiyar doki, kuma tana cikin tsofaffin kayan kiɗan goge da aka samu labarinsu a rubuce. Masanin falsafa Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya ambace ta a littafinsa kan ilimin kiɗa, kafin shi kuma masanin labarin ƙasa Ibn Khurradadhbih ya kwatanta ta da lira, wato gogen Rumawan Bizantiya.

Daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai, musamman ta Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, kuma zane-zanen littafin waƙoƙin fadar Alfonso na Goma, Sarkin Kastila a Sifaniya, na ƙarni na 13, suna nuna makaɗa riƙe da ita. Turawa suka juya sunan ya koma rebek. Masassaƙi kan fafe jikin rebek da wuyanta daga guntun itace guda, kamar yadda ake sassaƙa ludayi, sannan ya rufe fuskar da siririn katako, ya ɗaura tsirkiya uku a mafi yawan lokaci. Larabawa na kafa tasu a kan cinya, Turawa kuwa sukan jingina ta a ƙirji ko kafaɗa, kuma saboda kaifin muryarta masu kiɗan rawa suka fi son ta.

A ƙarni na 16 biyolin, wato gogen Turawa na zamani, ta bayyana a arewacin Italiya, inda Andrea Amati na birnin Kiremona ya daidaita siffarta mai tsirkiya huɗu. Kuskure ne a ce rebek kaɗai ta haife ta, domin jikin biyolin da ake harhaɗawa daga katakai daban-daban gado ne daga wasu kayan kiɗan, irin su biyel, wani tsohon gogen Turai. Abin da ta ɗauko wajen rebek shi ne tsarin daidaita sautin tsirkiyoyi. Da biyolin ta kama fadoji, sai rebek ta koma hannun makaɗan titi da ƙauye.

Ba ta ɓace ba duk da haka. Rabel na makiyayan Sifaniya da rabeka ta Burazil suna ɗauke da sunanta, rababa mai tsirkiya biyu kuma tana nan a kiɗan Andalus na Maroko da a tsibirin Jawa na Indonesiya. Masana da dama suna ganin gogen Hausawa, mai ƙwarya da fatar guza da tsirkiya ɗaya ta gashin doki, ya samo asali ne daga wannan dangi ta hanyar fataucin Sahara.