Zaburar da jijiya da lantarki don kumburin hanji: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da labarin na'urar da ake maƙalawa a kunne, wai tana rage kumburin hanji da lantarki, ya bazu a wayoyi daga Garwa har Njamena, tambayoyi iri ɗaya nake amsawa kullum. Na tara su a nan, don Allah a karanta kafin a sake aiko su.

Da gaske lantarki yana rage kumburi?

Akwai ƙamshin gaskiya. A shekarar 2000 Kevin Tracey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka zaburar da jijiyar bagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da kayan ciki, jiki yana rage fitar da sinadarin TNF mai hura wutar kumburi. Wannan TNF ɗin ne allurar infliximab mai tsada take toshewa, shi ya sa likitoci suka saurari maganar.

An gwada a jikin mutane?

An gwada kaɗan. A 2016 Bruno Bonaz, a birnin Grenoble na Faransa, ya ba da rahoton mutum bakwai masu cutar Crohn, wato wani nau'in kumburin hanji mai daɗewa, da aka dasa musu na'urar zaburar da jijiyar a wuya, ba ta kunne ba, biyar daga cikinsu cutar ta lafa cikin wata shida. Abin murna ne, amma mutum bakwai ko motar Marwa ba za su cika ba.

Nawa ne kuɗinta?

Maganar kuɗi ba ta taso ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe don farfaɗiya a 1997, ta amince da wani don amosanin gaɓɓai a 2025, amma a kan hanji har yanzu bincike ake yi.

Na yi wata shida ina gudawa da jini, in sayi ta kunnen in gwada?

A nan nake so ku tsaya. Kafin a zo kan na'ura, wa ya tabbatar muku cewa abin da ke damunku cutar Crohn ce ko gyambon babban hanji? A yankinmu gudawa da jini ta fi zuwa daga atunin amiba, ko tsargiyar hanji ga masu shiga ruwan Binuwai da Logon, ko tibin hanji, wato ƙwayar tarin fuka a hanji, wanda ya yi kama da Crohn har yakan ruɗa ƙwararru. Waɗannan duka suna da magani sananne, kuma duk watan da kuka ɓata da na'ura a kunne asara ce. A fara da gwajin bayan gida da na jini. Idan likita ya ce a leƙa hanji da kyamara a ɗebo tsoka, a yi, ko da zai kai ku Yawunde.

To, a ce an tabbatar. Ba zan ce ta kunnen banza ce ba, domin wani reshe na jijiyar yana kaiwa fatar kunne, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun ba da alamar sauƙi. Sai dai amfanin ya dogara da wurin da aka maƙala ta da ƙarfin lantarkin da tsawon lokaci, kuma abin da ake tallatawa a kasuwa ba lallai ya zama irin na masu bincike ba. Ga wani abu kuma: jijiyar bagus ba ta kai ƙarshen babban hanji ba, jijiyoyin ƙasan gadon baya ne ke kula da can, alhali gyambon daga dubura yake farawa. Wanda ya nace zai gwada ya sanar da likitansa tukuna. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, musamman wanda aka sa wa na'urar daidaita bugunta, su bar ta kawai.

Dashen yana da illa?

Tiyata ce a hagun wuya, kuma dushewar murya da tari sun fi yawa. Ku kwantar da hankali, babu wanda zai yi muku ita gobe.

To in daina shan maganina?

A'a, kuma na gaji da faɗa. Mai shan maganin kumburin hanji irin su mesalazine ko azathioprine ya ci gaba, shi kuwa prednisolone idan an daɗe ana shan sa ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali.